Accu-Chek Active: abin da take iya gaya wa mai yawan ƙishirwa

Wanda ke tashi sau huɗu cikin dare don fitsari, kuma buta ba ta barin hannunsa, gwajin farko da ya kamace shi na sukari ne. Wannan na'urar awon sukarin jini ta kamfanin Roche ta iya aikin. Ɗigon jini kaɗan daga gefen yatsa, cikin daƙiƙa 5 lamba ta fito, tana kuma ajiye sakamako 500. Batirinta CR2032 ne, irin na agogo.

Da safe kafin karin kumallo, 126 mg/dL ko sama alama ce ta ciwon suga. A kowane lokaci kuma, 200 tare da ƙishirwa ya isa a tafi asibiti. A wanke hannu tukuna. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai ba da lambar ƙarya.

Raunin na'urar tsinken gwajin ne, wato ɗan siririn abin da ake ɗiga wa jinin. Ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, don haka kwalbarsa da aka bari a mota da ranar Afrilu ta tashi aiki. Tsinken ne kuma ke cin kuɗi.

Idan sukari daidai yake amma fitsari ya haura lita 3 a yini, na'urar ta gama nata. Wataƙila ƙoda ce ta kasa riƙe ruwa saboda matsalar basofiresin, sinadarin jiki da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, ko kuwa shan ruwa ne na tilas da ake gani a wasu masu taɓin hankali. Na biyun yana tsinka gishirin jini har ya kai ga ruɗewa da farfaɗiya, kuma sai ɗakin gwaji ke bambance su.