Hattara da mai sayar da agogon sojan ruwa da labarin kakansa

'Yan uwa masu tara agoguna, akwai wani mutum da ke yawo a Instagram da zaurukan WhatsApp yana tallar tsofaffin agogunan nutso na sojoji. Ba zan kama suna ba, don sunan ma ba nasa ba ne. Cikin wata biyu sau uku na ga ya canza shi. Labarin ne kawai ba ya canzawa: wai kakansa sojan ruwan Birtaniya ne, ya rasu ya bar agogo a ƙasan akwati, iyali kuma suna cikin matsi. Ƙiris ya rage in faɗa. Wani abokina da muke harkar tare ya riga ya faɗa.

Abin da ya yi min talla shi ne Rolex Submariner irin wanda ake kira MilSub, wato samfurin da aka yi wa sojoji. A shekarun 1970 kamfanin ya ƙera wa Ma'aikatar Tsaron Birtaniya kimanin guda 1,200, masu lamba 5513 da 5517. Na ainihi yakan haura dala 100,000 a gwanjo, alhali 5513 na farar hula mai shekaru ɗaya da shi bai kama ƙafar wannan kuɗi ba. A wannan tazarar ɗan damfarar yake cin abincinsa. Sai ya samo na farar hula, Rolex na gaske, ya sa masa kakin soja.

Nan haɗarin yake. Ka kai wa mai gyaran agogo ya buɗe, zai ce maka injin lafiyayye ne, na Rolex ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai kai ba inji ka biya ba, tarihi ka biya.

Mutumin ya yi karatunsa, wannan kam na sallama masa. Ya san MilSub yana da harafin T a cikin da'ira a fuskarsa, da hannaye masu faɗi kamar takobi, da zoben juyawa mai alamar kowane minti har 60. Ya san ana sassaƙa 0552 a murfin baya in na rundunar ruwa ne, W10 in na sojan ƙasa ne, tare da kibiyar nan ta kayan gwamnatin Birtaniya. Duk ya haɗa su a hoto. To amma a jikin agogo babu abin da ya fi sassaƙar murfi sauƙin yi, kuma ita ce ta fi ruɗin mutane.

Na ce mu yi kiran bidiyo. Ya yi ta kame-kame kwana biyu kafin ya yarda. Na ce ya haska agogon da fitila, sannan ya kashe wutar ɗakin. Fuskar ta kama haske kore shar, muna ta magana tana nan ba ta dushe ba. Wancan T ɗin yana nufin tiritiyam ne, sinadarin da ke sa fentin fuskar haske a duhu, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Agogon da ya ba shekara 45 baya, in ka haska shi, iyakarsa ya ɗan yi ƙyalli ya mutu nan take. Wanda ya ci gaba da ci kamar sabo, sabon fenti aka shafa masa, ko kuma fuskar gaba ɗaya jabu ce. Da na faɗa masa, sai ya ce ai sojoji ne suka sabunta shi a wurin gyara. Hakan na faruwa, ban musa ba, amma me ya hana shi faɗa tun farko, kuma me ya sa farashin bai sauka ba?

Sai na ce ya zare maɗaurin. A MilSub sandunan da maɗauri ke bi ta ƙarƙashinsu a manne suke da jikin agogon, ba sa fita, don kada agogo ya suɓuce wa mai nutso a cikin ruwa. Nasa, yana taɓawa da farce na ga sandar ta motsa. Nan ya ce intanet ɗinsa ya yi rauni. Washegari ya toshe lambata.

Abokina kuwa ta wata ƙofa aka shigo masa. An ce masa Tudor Pelagos FXD na rundunar ruwan Faransa ƙayyadadde ne, saura gurbi ɗaya, ya tura kafin alƙalami ta kirifto, kuɗin nan na intanet, kafin dare. Agogon ya fito a 2021, kuma ba a ƙayyade adadinsa ba, M.N.21 da ke bayansa shekarar ƙira ce kawai, ba lambar guda nawa ba. Da ya tambayi dilan kamfanin da ya ji haka cikin minti biyar. Gaggawa ta hana shi, kuɗin kuma ko sisi bai dawo ba.

Kada wani ya ce ya fi ƙarfin a yi masa sakiyar da ba ruwa. A 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster a gwanjo a Janeba kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, a 2023 kamfanin da kansa ya bayyana cewa haɗe-haɗen sassa ne. Balle mu masu saye ta waya.

In har za ka saya, ka nemi cikakkiyar lambar siriyal ka duba ta a The Watch Register, rumbun bayanan agogunan sata a intanet, ko agogon na sata ne. Ka bincika hotunan, don wasu daga tsofaffin kundayen gwanjo ake kwaso su. Kada kuɗi ya bar hannunka sai wanda ya ƙware a agogunan soja musamman ya riƙe shi ya duba, kuma in sunan asusu ya saɓa da na mai sayarwa, ka tsaya nan.

Makon jiya na sake ganin sa da sabon suna, yana tallar Omega Seamaster 300 mai W10 a baya. Tebur ɗaya, ƙyallen da ya shimfiɗa ɗaya. Kakan ne kawai ya koma sojan ƙasa.