Sharhi Kan Na'urar Jagora ta Gidan Tunawa da Kisan Ƙare-dangi na Kigali

Shiga gidan tunawa da kisan ƙare-dangi da ke unguwar Gisozi a birnin Kigali kyauta ne, amma akwai wata ƙaramar na'ura ta saƙalawa a kunne da ake biyan kuɗinta a wurin karɓar baƙi, kuma a kanta nake son yin magana. An buɗe gidan a 2004, shekara goma bayan kisan ƙare-dangin da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi a Ruwanda, kuma a harabarsa an binne mutum fiye da 250,000 a manyan kaburbura da aka shafe da siminti.

Aikin na'urar ba shi da wuya. Kowane zango yana da lamba, ka danna lambar, murya ta yi maka bayani cikin natsuwa, ba ta ɗaga sauti ba, ba ta kuma ƙawata magana. Abin da ya sa na ce kuɗinta bai tafi a banza ba shi ne yadda take hana mai ziyara yin gaggawa a zangunan farko, inda babu jini balle ƙasusuwa, sai takardu da hotuna. A nan ake ganin katin shaida irin wanda Turawan Beljiyam suka shigo da shi a shekarun 1930, wanda ke rubuta ƙabilar mutum a kusa da sunansa. A nan kuma ake jin labarin jaridar Kangura da gidan rediyon RTLM, waɗanda suka yi ta kiran 'yan Tutsi da "inyenzi", wato kyankyasai, a daidai lokacin da yaƙi tsakanin gwamnati da dakarun 'yan tawayen RPF, wanda ya ɓarke a 1990, ya cika zukata da tsoro. Kafin a harbo jirgin shugaban ƙasar, Habyarimana, ranar 6 ga Afrilu 1994, abin da ya zama mafarin kisan, an riga an cire wa maƙwabci rigarsa ta ɗan Adam da baki, sauran aikin kuwa adda ce ta ƙarasa shi a shingayen kan hanya.

Na ce "aiki" da gangan, domin da wannan kalma makasan suke kiran abin da suke yi. Sojoji da 'yan ƙungiyar Interahamwe, wato 'yan daba na ƙabilar Hutu masu tsattsauran ra'ayi, sukan fita da safe kamar masu zuwa gona, su dawo da yamma a gajiye. Na daɗe a tsaye a wannan zango, saboda ya nuna cewa wanda ya riƙe addar shi ma ya rasa wani abu, tunda har ya iya duban yaron da ya taso a gabansa bai ga kowa ba. Cikin kwana kusan 100 an hallaka mutum kimanin 800,000 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya.

A ɗakin yara ne na cire na'urar daga kunnena, ba don ta gaza ba. Hotuna ne manya, a ƙarƙashin kowanne an rubuta sunan yaron, da shekarunsa, da abincin da ya fi so, da kuma yadda aka kashe shi. Wata mata da ke gabana ta tsaya a gaban hoto ɗaya tana share hawaye da gefen mayafinta, babu wanda ya ce mata uffan.

Sashen da ya waiwayi kisan ƙare-dangin da aka yi wa ƙabilar Herero ta Namibiya da Yahudawan Turai da mutanen Kambodiya gajere ne, na wuce shi da sauri domin ƙarfina ya ƙare. Mai niyyar zuwa ya ware aƙalla awa uku, ya je da safe, kada kuma ya shirya wata ganawa a bayan ziyarar. Ban ga dacewar shiga da ƙananan yara ɗakin da aka jera ƙoƙunan kai da tufafin mamatan ba.