Rumfa, amalanke ko mota: wanne za ka saya don sayar da abinci a bakin titi?

Mai shirin shiga wannan sana'a yakan fara da lissafin kuɗin ƙarfe da tukwane. Ni da za a tambaye ni, sai in ce ya fara da wata tambayar: zama za a yi a wurinsa, ko karɓa za a yi a wuce?

Kafaffiyar rumfa ta fi amalanke tsada, ga haya ga lasisi, amma ita ke tara jama'a. Benci guda mai cin mutum huɗu ya wadatar. Wanda ya taso daga aikin dare ya zauna, direba ya ajiye makulli gefen faranti, baƙon da ya sauka jiya ya tsinci labarin inda ake neman leburori. Wanda ya saba da bencin nan yakan dawo ko ka ƙara kuɗi. Matsalarta guda ce, amma babba: ranar da aka zo faɗaɗa titi, rumfa ba ta gudu. Saboda haka kafin ka biya, binciki dokar garin da kake. Indiya ta yi doka a 2014 da ta hana tashin masu sana'ar titi kafin a ƙidaya su. Singafo kuwa tun shekarun 1970 ta mayar da nata cikin cibiyoyi masu ruwa da lantarki, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka al'adar cin abinci a cibiyoyin nan a jerin al'adun gado na duniya a 2020. Ba kowane birni ke wannan adalci ba.

Amalanke ya fi sauƙin kuɗi, kuma kai ke bin mutane: da safe tasha, da rana ƙofar ma'aikata. Sai dai sabo ba ya kama ƙasa da wuri, ruwan wanki kuma iyakarsa jarkar da ka ɗauko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da 5, don haka ka duba murhu da kular ajiye abinci kafin ka kalli fenti.

Motar abinci kam ba ta sabon shiga ba ce. Mai da gyara da janareta za su cinye ribar.

Idan unguwar ana ta rushe-rushe, ɗauki amalanke, ka sa mai walda ya yi masa maƙalin da za ka rataya ɗan benci mai naɗewa.