Ki zauna ko ki tafi Daura? Amsar tambayar Maman Ummi

Maman Ummi, tun jiya da daddare na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce maigidan zai sa a fasa daɓen gidanku na Ƙofar Ƙaura a Katsina a sa tayil, a sauke tsohon silin a yi POP (silin farar filasta), a gyara banɗaki, a rufe da fenti. Ga yara uku, ƙaramar ko wata biyar ba ta cika ba. Shi yana cewa ki tafi gida Daura sai an gama, ke kuma kina ganin gara ki zauna ki sa ido. Ni duka biyun na ɗanɗana. Da aka yi mana tayil da banɗaki ina cikin gidan, da aka canza kwanon rufi da silin kuma na koma wajen Hajiyarmu a Rafin Daɗi, nan cikin gari.

Wahalar zama ta farko ba ƙura ba ce, sutura ce. Tun ƙarfe takwas maza sun cika tsakar gida, sai bayan la'asar su tashi. Hijabin da kike sawa don fita unguwa, shi za ki wuni ciki, da shi za ki yi girki, da shi za ki yi wanke-wanke. Mu namu aikin a Afrilu ya faɗo, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ga ɗaki a rufe saboda ƙura. Ke da ke shayarwa, ki ƙiyasta. Duk shiga bayi sai kin leƙa ko akwai lebura a hanya. A Daura wannan duk babu shi: ki ɗaura zanenki ki miƙe ƙafa a tabarmar mahaifiyarki, a karɓar miki jaririya ki yi barcin rana.

Sai ƙurar. Kafin na gani da idona na ɗauka shara ce kawai za ta ƙaru. Injin yankan tayil idan ya kama aiki, wani farin gari yake tayarwa mai laushi kamar hoda, ya bi ta ƙasan ƙofa ya shiga durowar kaya, ya shiga garin tuwo, har cikin Alƙur'anin da ke kan kanta na same shi. Ba ƙurar hunturu ba ce da muka saba. Garin dutse ne da siminti, huhu yake zarcewa, kuma mai asma da jariri su suka fi jin jiki. POP ma da ya bushe aka hau goge shi, haka ne. Idan zama ya kama dole, a riƙa yankan a ƙofar gida ana zuba wa bakin injin ruwa, ƙofar ɗakin da kuke ciki a sa mata labulen leda mai kauri, a jiƙa tsumma a toshe ƙasanta, shara kuma sai an yayyafa ruwa. Yana ragewa, amma ba ya hanawa. Ga yara da son tsibin yashi, ga ƙusa a ko'ina, ga kwaɓaɓɓen siminti da ke cin fata. Ɗana na biyu sai da tafin hannunsa ya saɓule don ya ce shi ma birkila ne.

To me ya sa duk da haka ban yi nadamar zaman ba? Ido. Ranar da aka gama tayil ɗin banɗaki, washegari (sai ya kwana ya wuni kafin a taka) na ɗebo bokiti na watsa. Ruwan nan maimakon ya nufi rariya, sai ya miƙo ƙofa. Mai tayil yana nan bai kwashe kayansa ba, ya ɓamɓare layi biyu ya gyara, ba faɗa ba cacar baki. Da ina nesa, da sai bayan an biya shi zan gani, kuma kin san kiran wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa. Haka wajen soket: mai wayarin ya so sa na kicin ƙasa inda yaro zai kai, ni na ce a ɗaga. Maigida ba ya lura da irin waɗannan, ba shi ke tsayuwa gaban risho ba. Sannan ban-ruwa. Sabuwar filasta da sabon daɓe suna son ruwa safe da yamma na kamar kwana 7, siminti kuma sai wajen kwana 28 yake cika ƙarfinsa. A zafin nan namu idan aka bar shi ya bushe da wuri, tsagewa zai yi. Magini ya tashi ya tafi gida, wa zai tsaya ya tari masu ga-ruwa ya watsa? Na cikin gida.

Da na tashi kuwa, na huta a jiki, na biya ta wani wajen. A ƙa'ida gidan da ba kowa ya fi saurin aiki, tunda ba a jiran a matsar da gado ko matar gida ta shige ɗaki. Amma fa sai da mai tsayawa a kai. Maigidana ma'aikaci ne, ya fita da safe sai yamma. Kafintan ya ga ba mai tambayarsa, ya karɓi wata jinga a wata unguwa yana raba ƙafa. Sati biyun da aka yi alkawari ya zama shida, har hadarin farkon damina ya fara haɗuwa rabin gidan ba silin. Buhun siminti kilo 50 ne, ba ya shiga aljihu, amma lissafinmu da nasu bai taɓa daidaita ba. Ban ce sata aka yi ba, Allah Ya sani. Ba wanda ya rubuta, shi ke nan. Kuma a yi adalci, akwai kwana huɗun da mu muka ɓata musu, katako bai iso ba don kuɗi ya yanke.

Ni Rafin Daɗi ce, Keke Napep ɗaya ya kawo ni in leƙa. Ke Daura ce, kusan kilomita 80. Ba za ki zo duba soket ki koma ba. Ga makarantar manyan biyu da Islamiyya, sai dai in hutu aka dace. Gidan iyaye kuma da daɗi, amma baƙo raɓa ne. Satin farko ana nan-nan da jikoki, zuwa na huɗu ke da kanki za ki fara jin nauyin matan yayyenki.

Ta fuskar kuɗi kusan kunnen doki ne. Mai zama tana dafa wa ma'aikata na rana, don ba ya yiwuwa ƙamshin miya na tashi ki hana mutumin da ke ɗaukar kwanon sarki tun safe. Mutum biyar sau sati uku ba ƙaramin awo ba ne. Mai tafiya ga kuɗin mota, ga tsaraba, ga cefanen da za ki riƙa sa hannu a can, ga maigida na sayen abinci a waje.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Tambaya ɗaya zan fara yi wa kaina: banɗaki nawa ne a gidan? Idan ɗaya ne kuma shi za a fasa, magana ta ƙare, ba zama. Ko biyu ne, da jaririya 'yar wata biyar ba zan kwana a gidan ba ranakun fasa daɓe, da na gugar POP, da na fenti mai mai, wanda ake sirkawa da tina ana shafa wa ƙofofi da tagogi. Warinsa ko babba yana sa shi ciwon kai. Amma ba Daura zan nufa ba in akwai 'yar'uwa ko gidan surukai a cikin gari. In kwana can, da hantsi in bar yaran in zo in yi awa ɗaya in koma. Ranar shimfiɗa tayil ɗin banɗaki da ranar wayarin kicin, waɗannan biyun ko ana ha-maza-ha-mata sai na zo.

In kuwa Daurar ce kaɗai mafita, ki tafi, amma kada ki sa ƙafa a mota sai an yi abubuwan nan. Kayan ɗaki a tara su ɗaki ɗaya, a lulluɓe da tamfol, a kulle, makulli a jakarki. Gwal da takardu su bi ki. A samu ƙanin maigida ko wani amintacce da zai wuni a wajen da littafi, yana rubuta abin da ya shigo da abin da aka buɗe, da yamma ya turo miki hoto ta WhatsApp. Aikin a ba da shi jinga, kada a yi kuɗin yini, don mai kuɗin yini ba ya gaggawa a gidan da ba mai kallonsa. Kafin alƙalami kada ya wuce kima, kason ƙarshe kuma a riƙe shi sai an kwashe ɓaraguzai, ba a tara muku a bakin zaure ba, kuma sai kin dawo kin watsa bokitinki a banɗakin.

Ki gaya mini banɗakin nawa ne, da watan da za a fara. In aikin zai taɓa rufi kuma ya doshi Agusta, ki lallaɓi maigidan a ɗaga zuwa bayan kaka.