Wane kamfanin jirgi zan zaɓa? Shawara ga matuƙi ɗan Garwa, Marwa ko Njamena mai neman aiki a waje

Ɗan yayata ya same ni bayan la'asar a ƙofar gida a unguwar Yelwa, nan Garwa, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Wata shida ke nan da dawowarsa daga makarantar tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu, da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci da sa'o'in tashi 200 da 'yan kai. Mahaifiyarsa ta sayar da gona da shanu kafin ya kai wannan matsayi. Ya ce, "Kawu, wurare uku sun amsa mini. Wanne zan ɗauka?" Tun kafin in karanta na gane inda zuciyarsa ta karkata, domin hoton da ya fara nuna mini na jirgi ne mafi girma a cikin ukun.

Ni ma a shekarunsa girman jirgi nake kallo. Abin da ya koya mini hankali shi ne wani kamfani da na yi wa aiki a wata ƙasa, mai jirage biyu kacal. Aka kai ɗaya gyara bai dawo ba, ɗayan ya lalace. Albashi ya tsaya. Lokacin gwajina a na'urar kwaikwayon tashi, wanda ake yi duk wata shida, ya zo ya wuce ba wanda ya biya. Wata bakwai ina zaune a ɗakin haya ina wanke farar rigata ina gogewa, ba inda za ni. Da na tashi neman wani aikin, tambayar farko da ake yi mini ita ce yaushe rabona da tashi. Sai da na sayar da filina a hanyar Pitowa na biya kuɗin gwajin da kaina. Tun daga ranar nake auna kowane kamfani da abu ɗaya kafin komai: zai riƙe mini lasisina da rai, sa'o'ina su yi ta ƙaruwa, ko zai ajiye ni in rube?

Dalilin da ya sa yaranmu ke duban waje ba ɓoyayye ba ne. Camair-Co, kamfanin jiragen saman Kamaru da ya fara tashi a 2011, shi ne ke haɗa Duwala da Yawunde da Garwa, Marwa da Ngaundere, amma jiragensa kaɗan ne, kujerun matuƙa kuwa ba sa ƙaruwa sai jirage sun ƙaru. A Chadi, Tchadia Airlines da aka kafa a 2018 da haɗin gwiwar kamfanin jiragen saman Habasha ya rufe a 2022. Wanda bai samu gurbi a gida ba dole ya zama baƙo a ƙasar wani, kuma baƙo yana da nasa lissafin daban da na ɗan ƙasa.

Lissafin yana farawa daga harufan da ke jikin jirgi kusa da wutsiya. TJ na Kamaru ne, TT na Chadi, 5N na Najeriya, TU na Kwaddibuwa, ET na Habasha. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce matuƙi ya riƙe lasisin ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, ko kuma wannan ƙasar ta amince da lasisin da ya zo da shi. Hanyoyi biyu ne. Akwai takardar amincewa ta ɗan lokaci, wadda ke jingine da lasisinka na asali: ranar da na asalin ya mutu, ita ma ta mutu. Akwai kuma sauya lasisi gaba ɗaya, inda za ka zauna jarrabawar dokokin samansu, likitansu ya duba ka, su ba ka nasu. Ta farko ta fi sauri, ta biyu ta fi ƙarko. Ka tambayi kamfani wacce zai yi maka, wa zai biya, kuma za a ba ka albashi a watannin jira ko sai ranar da ka fara tashi. Watannin jiran nan sun cinye guzurin mutane da yawa.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, kamfanonin yammacin Afirka su ne mafi sauƙin shiga ta fuskar harshe da zama. ASKY yana Lome tun 2010, yana tashi da Boeing 737 zuwa birane da dama, har da Njamena da Duwala. Abokin hulɗarsa kamfanin Habasha ne, shi ya sa za ka ga jiragensa da harufan ET ko da yake gidansu Togo, kuma wannan ya shafi takardar da za ka nema. Air Côte d'Ivoire yana Abijan tun 2012, da jiragen Airbus da masu farfela samfurin Q400. Babban abin da ke jan ni ga irin waɗannan shi ne kuɗin. Sefa ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, tasu ta yamma da tamu ta tsakiya duka. Takardun kuɗin sun bambanta, sai an canza, amma darajar ɗaya ce. Abin da ka aiko wa mahaifiyarka a Marwa bana, darajarsa ba za ta canza ba baɗi. Matsalar ita ce ba kai kaɗai ke son wurin ba. Kowane matashi mai lasisi daga Dakar zuwa Birazabil can yake tura takardunsa, kuma mai sa'o'i 200 yana bayan layi.

Najeriya kuwa ƙofar gida ce. Daga Garwa zuwa Yola ba nisa, kuma ba ƙasar da ta kai ta yawan kamfanoni a yankinmu: Air Peace, Ibom Air, Overland, United Nigeria, ga Max Air da Rano Air masu tushe a arewa. Bahaushen Garwa da ya sauka Kano ba zai ji baƙunta ba, daga tuwo har hudubar Juma'a. Tafiye-tafiyen gajeru ne, ana tashi da sauka sau da yawa a yini, hannu yana faɗawa da wuri. Idan kamfani ɗaya ya durƙushe akwai na kusa, abin da ba ka samu a ƙasa mai kamfani ɗaya tilo. Amma abu biyu nake gaya wa duk wanda ya nufi can. Na ɗaya, Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, don haka ku baƙi ne cikakku a idon doka. Kamfani yana buƙatar gurbin ɗaukar baƙo daga gwamnati, kai kuma kana buƙatar katin zama da aiki. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, tana ta yaye matuƙa 'yan ƙasa da su ma ke zaman jira, saboda haka gurbin baƙo galibi na kaftin ne mai gogewa, ba na sabon mataimaki ba. Na biyu, naira. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a kan albashin naira ya ga fiye da rabin abin da yake aikawa gida ya narke alhali aikinsa bai ragu ba. In har za ka je, a rubuta a kwantiragi da wane kuɗi za a biya ka, a wane banki, a wace rana.

Habasha da ƙasashen Larabawa ba zan daɗe a kansu ba. Kamfanin Habasha yana da makarantarsa a Adis Ababa, yana yaye nasa mataimakan. Kamfanoni irin su flydubai da Air Arabia suna ɗaukar baƙi daga ko'ina, amma da sa'o'i masu yawa a jirgi mai matuƙa biyu. Wurare ne na zango na biyu ko na uku.

Hanyar da matasa ke rainawa, ni kuma nake girmamawa, ita ce ta ƙananan jirage. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHAS, waɗanda Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanarwa, suna zirga-zirga daga Njamena zuwa Abeshe da garuruwan gabas, inda 'yan gudun hijirar Sudan suka kwararo tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Majalisar ba ta ɗaukar matuƙa da kanta. Kamfanoni take ba kwangila, da yawansu daga Kenya da Afirka ta Kudu, kuma su za ka nema. A nan za ka koyi abin da babu a littafi: sauka a filin jan ƙasa bayan ruwan sama, lissafin nauyi da rana tsaka a watan Afrilu lokacin da zafi ya haura digiri 40 kuma iska ta yi sauƙin da jirgi ke buƙatar doguwar hanya kafin ya ɗaga, da yanke shawara kai kaɗai babu wanda za ka waiwaya ka tambaya. Sai dai ka san irin sa'o'in da kake tarawa. Sa'a 1,000 a Cessna Caravan mai inji ɗaya ta sa ka zama matuƙi na gaske, amma manyan kamfanoni suna ƙirga sa'o'in jirgi mai inji biyu da matuƙa biyu daban. Idan kamfanin yana da manyan masu farfela irin su Dash 8 ko Beechcraft 1900, ka tambayi bayan wane lokaci ake ɗaga mutum zuwa kansu, ka nemi ganin wanda aka taɓa ɗagawa. Kuma kwangilar agaji tana bin kuɗin masu ba da taimako. Ranar da kuɗin ya ragu, jirgi yana komawa inda ya fito.

Ɗan yayata ya tambaye ni Amurka, don abokansa suna ta aiko masa labarin albashin can. Gaskiya ne albashin ƙananan kamfanoninsu ya tashi sosai tun 2022. Envoy, PSA da Piedmont mallakar American Airlines ne, kuma suna da tsarin wucewa zuwa uwar kamfanin bisa layi. Endeavor na Delta ne. SkyWest da Republic masu zaman kansu ne, suna yi wa manyan kamfanoni fiye da ɗaya aiki da jiragen Embraer 175 da makamantansu. Amma katanga biyu ce a gabanka. Bayan hatsarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, doka ta koma sai mai sa'o'i 1,500 zai zauna ko a kujerar mataimaki, in ban da rangwame ga sojoji da waɗanda suka fito daga wasu jami'o'insu. Sannan sai kana da izinin aiki a ƙasar tun kafin ka nema. Bizar E-3 da wasu kamfanonin suka yi amfani da ita ta 'yan Ostireliya ce kaɗai. A watan Yunin 2025 kuma Chadi ta shiga jerin ƙasashen da Amurka ta hana 'yan ƙasarsu shiga. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka kujera a can, ka riƙe kuɗinka.

Da muka koma kan saƙonni ukun, na ce ya karanta mini na babban jirgin da ƙarfi. A sakin layi na huɗu aka ce shi zai biya kuɗin koyon samfurin jirgin, wanda a Boeing 737 ko Airbus A320 yakan haura dala 20,000, sannan ya ƙara biyan wani kuɗin don a bar shi ya tara sa'o'i 500 yana ɗaukar fasinja. Babu alkawarin aiki bayan nan. Wannan ba aiki ba ne, sayen kujera ne, kuma ranar da sa'o'inka suka cika akwai wani yaron da kuɗin gonar mahaifiyarsa yana jiran ka tashi. Ya sha bamban da kamfanin da zai biya maka horon ya ɗaure ka da shekaru uku ko makamancin haka. Ɗaurin ba laifi ba ne muddin bashin yana raguwa wata-wata, kuma an rubuta cewa ya faɗi idan kamfanin ne ya kasa biyan albashi ko ya ajiye jiragensa. Kada ka yarda a riƙe maka fasfo ko takardar gidan iyayenka a matsayin jingina.

Akwai abin da ba a rubutawa a kwantiragi, kuma shi ya fi hana ni barci idan na tuna da yaran nan. A watan Janairu hazo yakan rufe Garwa, Kano da Njamena har ka kasa ganin ƙarshen titin jirgi. Fasinjoji sun cika, wani babba yana cikinsu, wayar kaftin tana ta ƙara daga ofis. A kamfani na ƙwarai kaftin zai ce ba za a tashi ba, kuma gobe ya zo aiki ba wanda ya harare shi. A wani wurin kuwa baƙo ne aka fi matsa wa, don an san katin zamansa a hannun kamfani yake. Ba za ka san wannan daga bakin mai ɗaukar aiki ba. Ka nemi injiniyoyin da ke gyaran jiragen, ka sha shayi da su, ka tambaye su ko ƙananan lalacewa ana gyara su a kan lokaci ko ana ta ɗage su. Ka duba ko kamfanin yana cikin rajistar binciken lafiyar aiki mai suna IOSA ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko sunansa na cikin jerin waɗanda Tarayyar Turai ta hana shiga samanta. Ka tambayi mataimakan matuƙa sa'o'i nawa suka tashi a watan jiya. Doka a yawancin ƙasashe ta tsayar da iyaka wajen sa'o'i 100 a kwana 28. Wanda ke maƙale da iyakar kullum gajiya za ta ci shi, wanda ke samun 15 kuwa zai tsufa bai kai 1,500 ɗin da ake buƙata don lasisin kaftin ba.

Muka zauna har aka kira magariba muna rubuta tambayoyi a bayan wata takarda: jirage nawa ne ke tashi a yau ba waɗanda ke hoto ba, wa ke biyan gwajin wata shida da duban likita na shekara da jarrabawar Turancin sama mataki na 4, akwai inshora idan likita ya karɓe lasisi, sau nawa ake barin mutum ya zo gida kuma da tikitin wa. Ya tura wa kamfanonin uku a daren. Mai babban jirgin bai amsa ba har yau. Na biyu ya ce za a tattauna idan ya iso. Na uku, mai ƙananan jiragen farfela, ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a rubuce, ya kuma ba shi lambar wani mataimakin matuƙi nasu ya kira ya ji da kunnensa. Makon jiya na raka shi tasha da asuba ya hau motar Kusuri, littafin sa'o'insa a cikin leda a ƙirjinsa, zai ƙetare gadar Ngeli ya shiga Njamena don ganawa da su.