Farar shaddata da ɗakin wankin Munich

Wata na huɗu ke nan a Munich, ƙasar Jamus, ranar da abin ya faru, kuma har yau in na taka matattakalar da ke sauka ɗakin wanki sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Gidan da nake haya bene ne mai hawa biyar. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗaki guda mai injin wanki biyu da na busarwa ɗaya, na kowa da kowa. A jikin ƙofar an manna wata takarda mai layi-layi, ranaku a sama, sa'o'i a gefe, sunayen mutane a ciki. Na sha wucewa ta gabanta ban tsaya na karanta ba. Na ɗauka irin takardun nan ne da ake mannawa a ofisoshinmu a manta da su.

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah, ranar wata Alhamis, na dawo aiki a gajiye na kwaso wankina gaba ɗaya. Ciki har da farar shaddar Getzner da Umma ta sa aka ɗinka min a Kano kafin na taho, da wata shuɗiya rinin gida, da tawul, da safa, da ƙananan kayan ciki. Na ga inji ɗaya babu kowa, na tura su duka. Na cika aljihun sabulu taf da garin omo, na murɗa zuwa digiri 60, don a sanina ruwan zafi shi ke fitar da datti. Na haura na yi la'asar, na kishingiɗa, barci ya kwashe ni.

Da na sauko, kayana na tarar jibge a cikin kwandon roba a ƙasa, jiƙe sharkaf. Kumfa ta malalo daga aljihun injin har ta yi layi a daɓe. Wata dattijuwa da ta kusa shekara saba'in tana tsaye, da wasu maƙwabta biyu da suka zo kwashe shanya. Ta nuna min takardar ƙofa da yatsa, ta ce daga biyar zuwa takwas na kowace Alhamis lokacinta ne, shekara da shekaru. Tana maganar da ƙarfi, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa yaro karatu. Sannan ta sunkuya ta ɗago shaddar da yatsu biyu ta ce, "Wannan kuwa ka gama da ita."

Farar riga ta koma dabbare-dabbare, nan shuɗi-shuɗi, nan toka-toka. Sheƙin nan da ke sa a gane Getzner tun daga nesa ya mutu murus. Aikin wuya ya tattare ya cukurkuɗe. Amma wallahi ba rigar ce ta fi ci min rai a lokacin ba. Abin da ya sa na kasa ɗaga kai shi ne sa'ar mahaifiyata ta sa hannu ta kwashe gajerun wandunana ɗaya bayan ɗaya, ga su nan a saman kwando mutane na gani. A gida ko ƙanwarka ba ka bari ta ga wannan. Su a nan ba komai ba ne, lokacinta ka ci, ta fitar da kayanka, magana ta ƙare. Na ba da haƙuri da ɗan Jamusancin da nake da shi, na goge kumfar da tawul ɗina, na ɗauki kwandon na hau. Da tsohon kaftani na je Idi.

Da na kira gida, Umma ta yi shiru jim, sannan ta ce, "Babana, shadda ake sa wa inji? Ai ko yaron mai wankin bakin layi ya san ba a haɗa rini da fari." Ta ƙara da Allah ya mayar da alheri. Ban iya ce mata komai ba, don na san watanni nawa ta yi tana zubin adashi kafin ta yanki yadin nan a Kantin Kwari.

Bayan mako guda dattijuwar nan ta tare ni a matattakala ta ce in biyo ta. Na bi ta ina ɗari-ɗari. Ta ɗauki alƙalami ta sa na rubuta sunana a gurbin Asabar da safe, takwas zuwa sha ɗaya. Sai ta juya wata rigarta ta nuna min ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ciki, wanda mu abin da muka sani game da shi kawai shi ne yana sa ƙaiƙayi a yanke shi. Ashe duk bayanin wankin riga yana nan. Hoton baho da lamba a ciki, iyakar zafin ruwan da tufar za ta ɗauka ke nan. Baho da hannu a ciki, wankin hannu kawai. In an ja masa kuros, kada ruwa ya taɓa ta. Alwatika na maganar bilic, irin su Hypo. Murabba'i mai da'ira a ciki na injin busarwa. Dutsen guga mai ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, kimanin digiri 110, mai biyu 150, mai uku 200. Aljihun sabulun ma kashi uku ne: na wankin share fage, na ainihin wanki, da mai hoton fure na ruwan laushi da ƙamshi. Ni a dukkansu na zazzaga gari.

Ta ce yawan sabulu ba ya ƙara tsabta, sai dai ya maƙale a tufa ya sa ƙaiƙayi, ya bar inji da wari. Ta ce kayan yau da kullum 30 ko 40 ya ishe su, 60 na tawul ne da zanin gado. A zuge zif, a juya wandon jins, a lalube aljihu, kada a danƙara ganga har hannu ya kasa shiga ta sama. In an gama a goge robar bakin ƙofa, a bar ƙofar a buɗe ta sha iska. A ƙasan injin akwai wata 'yar ƙofa mai rariya a ciki. Ta buɗe ta gabana, ga kwabbai da fil ɗin gashi da zare. Ruwan Munich kuma mai farar ƙasa ne sosai, duk wanda ya leƙa cikin butar shayinsa a garin nan ya ga farin ɓawon da ke kamawa. Shi ne yake naɗe ƙarfen dumama ruwa na inji, shi ya sa a bayan kwalin sabulu ake rubuta awo daban na ruwa mai nauyi, wato mai farar ƙasa, da na mara nauyi.

Ban yafe mata salon maganarta na ranar farko ba sai daga baya, amma gaskiya a bakinta take. Injin da muke amfani da shi Miele ne, kamfanin da aka kafa tun 1899, kuma mai kula da gidan ya ce min ya girmi yawancin masu haya. Yana aiki ne saboda kowa na goge shi kamar nasa. Wanki guda, ganga cike, ruwan da sabon inji ke sha bai wuce kimanin lita 50 ba, wato jarka biyu ta mai ga-ruwa. Ku tuna jarka nawa ake ƙararwa a gidanmu ranar wanki, daga jiƙo zuwa ɗauraya ta uku. Yana juya kaya sau 1,400 a minti ɗaya wajen matsewa, su fito kamar an sha iska da su. Tun watan Maris na 2021 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kowane sabon inji wani tsarin wanki mai suna Eco 40-60, wanda kan haura awa uku amma ya fi tsimin wuta da ruwa, ta kuma tilasta wa kamfanoni ajiye kayan gyara har shekara 10. Ka sayi abu sabo, shekara 2 doka na bayanka in ya zo da aibi. Wannan kam na yaba, na kuma yi mana sha'awarsa.

Sai dai fa akwai abin da kuɗinsu da dokarsu ba su saya musu ba, rana. A Kano ka shanya riga bayan azahar, kafin la'asar ta bushe ƙayau tana ƙamshin rana. A nan daga Nuwamba zuwa Maris wando sai ya kwana biyu a igiya yana sanyi. Ka shanya a ɗakinka tagogi su yi gumi, fumfuna ta kama kusurwar bango, mai gida ya ce laifinka ne ba ka buɗe taga. Ka sa a injin busarwa, auduga ta tsuke. Ranar Lahadi kuwa dokar gidanmu ta hana taɓa inji sam, haka bayan ƙarfe goma na dare. Ga gashin kare da kake tsinta a robar ƙofa in wani ya wanke bargon karensa kafin kai, kai kuma kayan salla za ka sa. Sai na goge, na yi ɗauraya ɗaya babu kaya, sannan hankalina ya kwanta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganar shadda. Getzner ɗin nan a Bludenz ake saƙa ta, wani ƙaramin gari a yammacin Ostiriya, kamfani ne tun 1818, kuma daga Munich tafiyar 'yan sa'o'i ce. A nan kusa aka yi ta, ta tafi Kano, ta dawo a akwatina, amma a duk unguwarmu ban sami wanda ya san yadda ake riƙe ta ba. Na kai wata shagon wanki da guga, suka karɓi kuɗin da zai yi min wankin wata a gida, suka miƙo min ita lagwab kamar zanin gado. Ba sitaci, ba tsayuwa. A ranar na tuna masu bugu, yadda ake ninke riga a kan gungume, mutum biyu suna sauke mata tabarya bi da bi, kana jin sautin tun daga bakin lungu, ta fito tana ɗaukar ido. Na tuna masu wankin hula da buroshinsu da gungumen da suke kifa ta a kai. Wannan ilimi ne, kuma mun raina masu shi. Mutum zai tsaya yana ciniki da mai wanki kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba, ya karɓi kaya ya ce sai wata ya yi.

Tunda na fara ba da wannan labari 'yan uwa ke cewa in turo musu inji. Ku saurara. Irin wannan mai ƙofa a gaba yana son ruwan famfo mai ƙarfi da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar wanki ba. Ƙarfen dumama ruwansa kaɗai yana jan kusan wat 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. In wuta ta ɗauke, ƙofa na iya zama a kulle, kayanka na ciki cikin ruwa. Wanda ba shi da tanki a sama da tsayayyar wuta, mai baki biyu ɗin nan da ake zuba wa ruwa da bokiti ya fi masa amfani nesa ba kusa ba. Na san gidaje a Kano da aka kai wa amarya inji cikin kayan ɗaki, yana nan an lulluɓe shi da leshi an ɗora fulawar roba a kai, don a ce akwai. Wasu kuma an yi wata uku ana aiki da shi, ba wanda ya taɓa buɗe rariya, ya tsaya, aka ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko, aka tura shi bayan gida ruwan sama na dukansa.

Kuma mu maza mu ji tsoron Allah. Shekara talatin na yi a duniya ban san rini na zuba ba, saboda kullum akwai wadda ke tsugune gaban baho dominmu. Na tuna hannun Yaya lokacin hunturu, duk ya tsattsage saboda omo da ruwan sanyi, tana shafa man kaɗanya da dare. In ba ita ba, almajiri ne ɗan shekara goma ke cuɗa jibgin kayan ƙarti a ba shi ragowar tuwo. Muna da kuɗin canza waya duk shekara, amma ɗan injin da zai sauke wa matar gida wankin yara biyar sai mu ce almubazzaranci ne, ai haka iyayenmu suka yi. Ba wanda ya tambayi iyayen ko bayansu na ciwo.

Yanzu duk Asabar ƙarfe takwas ina ƙasa da kwanduna biyu, fari daban, mai launi daban. Shadda ba ta ƙara ganin inji ba. A bahon wanka nake jiƙa ta da ruwan sanyi da ɗan sabulu kaɗan, ba murza, ba matsa, in rataye ta ta tsane, in goge ta ta baya da ɗan danshinta. Waccan da ta lalace kuwa na ba wani ɗan uwa da ya je gida ya kai wa Umma. Ta aika da ita Ƙofar Mata aka tsoma ta a baba har ta yi shuɗi mai duhu, aka kai wa masu bugu. Jiya ta turo min hotonta a ninke a kan gadonta, ta ce tana nan tana jiran mai zuwa Jamus.