A Singafo, Ɗaki a Tirela Ake Kawo Shi

Kawu, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya da aiki. Kun tambaye ni yadda ake gini a nan, tunda sana'arku ce.

Idan kuka je wurin gini a Singafo, da wuya ku ga tulin yashi ko masu buga bulo a gefe. Bango da matakala da ginshiƙi duk a masana'anta ake zuba su, da yawa ma a Johor ta Malesiya, tsallaken ruwa. A wasu sabbin gine-ginen kuwa ɗaki sukutum ake haɗawa a can: an shafe bango, an sa tayil, an ɗaura taga, an bi da wayar lantarki da bututun ruwa. Tirela ta kawo shi, ƙugiya ta ɗaga shi sama, mutum uku ko huɗu su daidaita shi a kan na ƙasa, su haɗe rodi su cike da siminti. Babu mai hawa tsani da kwanon kankare a ka.

Ƙarancin fili ne ya koya musu gina dogayen benaye. Duk ƙasar ba ta kai murabba'in kilomita 750 ba. Hukumar gidaje ta HDB, wadda aka kafa a 1960, ta samu mutane cunkushe a gidajen katako da kwano, kuma gobarar unguwar Bukit Ho Swee ta 1961 ta raba kusan mutum 16,000 da muhallinsu. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasa a benayen hukumar suke zaune. Akwai na unguwar Duxton, hawa 50, kuma gidan gwamnati ne.

Amma ni tsayin bai burge ni kamar kulawa ba. Lif yana aiki dare da rana, ruwa yana hawa har can ƙoli. Shara kuwa ƙofa ce 'yar ƙarama a bango, ka jefa ta faɗa rumbu a ƙasa, mota ta zo ta kwashe. Shanya ma a sandar gora ake yi, a turo ta ta taga. Wannan bene da za a kai shi inda wuta take zuwa ta ɗauke, da tsofaffin da ke hawa na 20 sun zama fursunoni.

Hawan ƙasa a yawancin benayen a buɗe ake barinsa, kamar zaure na jama'a duka. A nan Malayawa suke bikin aure, a nan 'yan Sin suke zaman makoki. Tun 1989 doka ta kayyade kason kowace ƙabila a bene, don kada wata ta ware unguwarta. Sai dai babu tsakar gida, balle wurin ɗaure rago.

Gidan kuma ba naka ba ne har abada, shekara 99 ake sayar maka, ana biya daga asusun ajiyar ma'aikata na dole. Sabo sai ka yi rajista ka jira shekaru kafin a ba ka makulli. Baƙo irina ba shi da damar saye, ɗaki ɗaya nake haya kuma yana cin albashi sosai. Leburorin da ke ɗora ɗakunan nan, galibi 'yan Bangaladash da Indiya, a dogayen ɗakunan kwana na ma'aikata suke zaune, nesa da benayen.

Ku gaida Inna da yara.